Hali zanen dutse ne? Darasin da ya kamata mu koya wa matasanmu

Bahaushe yana da karin magana guda biyu waɗanda duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya ji su tun bai san damansa da hagunsa ba, amma ba kasafai ake jera su wuri ɗaya a dube su ba. Na farko ya ce hali zanen dutse, wato abin da mutum ya zo da shi duniya ba ya kankaruwa. Na biyu ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato tarbiyya tana iya karkata mutum inda ake so, muddin an yi sammako. Magidanci ɗaya yana iya faɗin na farko da safe idan ɗansa ya ƙure shi, ya faɗi na biyu da yamma yana yi wa maƙwabci nasiha. Haka nan mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu juya mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, sannan mu ƙara da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ɗaya ya jingina hali ga gado, ɗaya ya nuna gadon yakan kauce, na uku ya ɗora alhakin a kan abokan zama.

Wanda bai zurfafa tunani ba sai ya ɗauka kakanninmu ruɗewa suka yi. A ganina, sun hango wata tsohuwar tambaya ce suka ƙi yi mata hukuncin gaggawa: shin da halinsa ake haihuwar mutum, ko zama ne ke saka masa shi? In ya shiga, yana fita? Abin da nake son gabatar wa mai karatu a wannan mako shi ne, lokaci ya yi da za mu zaunar da samarinmu da 'yan matanmu 'yan shekara 16 zuwa 19 mu koya musu wannan muhawara a fili kuma da tsari, mu fara daga abin da muka gada, mu kai su ga abin da bincike ya gano. Amsar da matashi ya riƙe a ransa ita ce za ta sa ya yunƙura ya gyara kansa, ko ya naɗe hannu ya ce shi haka aka yi shi.

Inda ake koyarwa, da inda aka bar wa waya

Fannin da ake kira saikoloji, wanda muke fassarawa da ilimin halayyar ɗan Adam, Larabawa kuma suke kira ilmun nafsi, ba ya cikin darussan da ɗalibanmu ke rubutawa a jarrabawar WAEC ko NECO. A Ingila kuwa, 'yan shekara 16 zuwa 18 suna zaɓarsa a shekaru biyun da suke yi kafin shiga jami'a, har ya zama cikin darussan da aka fi rububi a kansu. A Najeriya, jami'ar da ke Nsukka ce ta fara buɗe masa sashe a 1964, kuma har yau a matakin gaba da sakandare ya tsaya. Ɗan Kano galibi ba ya haɗuwa da shi sai idan ya nufi aikin koyarwa, ya shiga Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ko Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, ko Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Bayero, ko kuma ya nufi aikin asibiti. Wanda ya gama sakandare ya kama sana'a a Kurmi ko Kantin Kwari, da wadda aka ɗaura wa aure bayan jarrabawa, sun wuce ke nan ba su taɓa jin labarinsa ba, alhali su ne iyayen gobe.

Na shafe shekaru ina koyar da wannan fanni ga ɗalibai 'yan shekarar farko masu neman shaidar NCE. Mafi yawansu ba su cika ashirin ba, da dama kuma daga cikin ganuwa suke fitowa, daga Yakasai da Mandawari da Koki da Daneji da makamantansu. Abin da na lura da shi shi ne, ba da kai wofi suke zuwa ba. Kowannensu yana tafe da ra'ayinsa game da ɗan Adam, wanda ya tsinta a majalisar bakin titi, ko teburin mai shayi, ko wayar hannu. A TikTok da Facebook akwai malaman da ba wanda ya naɗa su, suna karantar da cewa kowa ta kansa yake yi, mata duk halinsu ɗaya, maza ba su da amana, ga alamomi biyar da za ka gane maƙiyinka. Duk waɗannan ra'ayoyi ne a kan ɗabi'ar mutum, ana cusa su ba hujja, kuma ba wanda ya koya wa yaron yadda zai nemi hujjar. Idan ya zo aji, abin da yake tsammani shi ne a ba shi jerin sunayen Turawa da shekarun haihuwarsu, ya haddace, ya juye a takardar jarrabawa, ya koma majalisa da ra'ayinsa na jiya.

Abin da muka gada

Saboda haka nakan fara da abin da ɗalibin ya riga ya karanta bai san da wane suna ake kiransa ba. Birnin nan ya daɗe yana nazarin zuciyar mutum. Tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) da kafuwar karatu a Madabo, har zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), zaurukan malamai suke haɗa ilimin ibada da na gyaran hali. Yaron da ya ɗauki Ahalari, kafin ya kai babin tsarki sai ya ratsa shafukan farko masu magana kan tsare harshe da ido, da zaɓen abokin zama, da nisantar hassada da girman kai da riya. Idan ya kai Risala, zai tarar a gabatarwarta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya kamanta koyo a ƙuruciya da zane a kan dutse. A nan nakan tsaya in tambayi ɗalibai: in hali zanen dutse ne, wa ya yi zanen? Ai dutse ba ya zana kansa. Kwatancin da muke kafa hujja da shi cewa hali ba ya canzawa, da shi malamin Ƙairawan ya kafa hujja kan muhimmancin koyarwa da wuri.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fi kowa zurfafawa cikin waɗanda zaurukanmu suka sani. A cikin Ihya'u Ulumiddin ya ware littafi guda kan al'ajuban zuciya, wani kuma kan horar da rai, inda ya yi raddi kai tsaye ga masu cewa hali ba ya canzawa. Hujjarsa ita ce, da haka ne, da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza. Ga shaho ana horar da shi ya saba da mutum, ga doki mai tutsu ana ladabtar da shi, to ina ga mai hankali? Duk da haka ya yarda cewa akwai iyaka. Ƙwallon dabino ba zai fid da tuffa ba komai ban ruwa, amma kuma ba zai zama bishiyar dabino ba sai an shuka shi an kula da shi. Bai nemi a kashe fushi da sha'awa ba, daidaita su ya nema, kuma hanyar da ya bayar ita ce maimaitawa: mai son ya zama mai kyauta ya tilasta wa kansa bayarwa har ta zame masa jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga misalin wannan. Tsomi ɗaya ba ya rina zane. Ana tsoma shi a baba, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, a sake ɗagawa, har launin ya kama.

A kan wannan tafarki Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya riƙa kasa halaye gida biyu a karantarwarsa: masu halakarwa, irin su jiji da kai da hassada da rowa, da masu tserarwa, irin su tuba da haƙuri da ikhlasi. A ƙarƙashin duka akwai fahimtar cewa ana haihuwar mutum a kan fiɗira, kuma ransa yana iya kasancewa mai yawan umarni da mugunta, ko mai zargin kansa, ko mai natsuwa, wato abin da malamai ke kira ammara da lawwama da muɗma'inna.

Al'adar Bahaushe ma tana da nata ma'aunin. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Oxford, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka, aka buga ta a 1974, a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Nakan rubuta su a allo in ce ɗalibai su jera su daga mafi girma. Nan take aji yakan kaure da gardama, domin sai a lokacin suke gane cewa dukiya da ƙarfi ba sa ciki, kusan dukkansu a kan zama da mutane suke, kuma wasunsu sukan yi karo da juna. Idan gaskiya da kunya suka haɗu a ƙofa ɗaya, wace za ta fara shiga?

Abin da ɗakin gwaji ya ƙara

Ilimin zamani bai ƙirƙiro tambayar ba. A ƙasar Sin, tun kafin haihuwar Annabi Isa, Mengzi ya ce asalin mutum alheri ne, Xunzi ya ce karkatacce ne sai an miƙar da shi. A Turai, Thomas Hobbes a 1651 ya ga mutum a matsayin mai son kai wanda ba ya zama lafiya sai da hukuma mai ƙarfi, John Locke ya kamanta hankalin jariri da farar takarda, Jean-Jacques Rousseau kuwa a 1762 ya ce da kyau yaro yake zuwa, al'umma ce ke ɓata shi. Sabon abin da ya zo, tun daga 1879 da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, shi ne ɗabi'ar aunawa da ƙirgawa: kada ka tsaya a kan faɗa, shirya gwajin da zai iya ƙaryata ka.

Ɗauki batun gado. Daga 1979 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka riƙa nemo tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, suka tashi a gidaje daban-daban, suna auna halayensu. Wannan bincike da ire-irensa sun nuna cewa kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin halaye tsakanin mutane yana da nasaba da gado. Ke nan barewa tana da rabonta, kanwa ma tana da nata. Wasu binciken da suka bi mutane shekara da shekaru sun gano cewa yawanci sukan ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Ga ɗan shekara 17 da aka daɗe ana ce masa ba zai shiryu ba, wannan labari ba ƙarami ba ne.

Sai batun tasirin jama'a. A 1951 Solomon Asch ya nuna wa mutane wani layi, ya ce su zaɓi wanda ya yi daidai da shi cikin layuka uku. Amsar a bayyane take, sai dai sauran mutanen ɗakin an haɗa baki da su su faɗi ta kuskure. Kimanin uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya. Wannan gwaji ba ya buƙatar komai sai allo da alli, kuma nakan yi shi kowace shekara, sannan in bayyana wa wanda aka gwada yadda aka shirya abin, in gode masa a gaban aji. Akwai ɗalibin da ya ce mini: "Malam, wallahi na ga daidai, amma na ji kunyar in saɓa wa mutane." Da wannan jimla ya kai mu ga gardamar gaskiya da kunya fiye da yadda lacca goma za ta yi. Kunya ado ce, kara ma haka, amma yaron da bai san inda suke ƙarewa ba, da su ake jan sa zuwa majalisar shaye-shaye, ko faɗan daba, ko jagaliyar siyasa.

Shekara goma bayan haka, a Jami'ar Yale, Stanley Milgram ya sa mutane su riƙa danna wa wani da ke wani ɗaki wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa, ana ƙara ƙarfinta mataki-mataki. Babu wutar gaske, mai ihun ma ɗan wasa ne, amma masu dannawar ba su sani ba. Cikin mutum 40, guda 26 sun ci gaba har makunni na ƙarshe mai lamba 450, don kawai wani mai rigar aiki ya ce su ci gaba. An soki gwajin saboda tashin hankalin da ya jefa mutane, kuma sukar tana kan hanya. Amma nakan ja hankalin ɗalibai ga mutum 14 da suka ƙi. A al'ummar da ke girmama biyayya ga na gaba, ya wajaba matashi ya san cewa addini da hankali duk sun yi wa biyayya iyaka, kuma inda ta kai ga zalunci, a nan ta ƙare.

Inda ya kamata a yi hattara

Ba duk abin da ke cikin littattafan wannan fanni ne ya sha gwaji ba, kuma rashin faɗa wa ɗalibi haka cin amanarsa ne. Sigmund Freud (1856 zuwa 1939) ya gina ra'ayinsa ne a kan marasa lafiyar da suke zuwa wurinsa a birnin Biyana, kuma da yawa daga abin da ya faɗa ba a iya tabbatar da shi da gwaji ba. Ya kasa ran mutum gida uku: mai neman biyan sha'awa, da mai tsawatarwa, da mai sasantawa a tsakani. Ɗalibai sukan yi saurin cewa ai su ne ammara da lawwama da muɗma'inna. Nakan ce su bi a hankali. Freud yana maganar sassa uku ne da ke kokawa har mutuwa, iyakar fatansa a yi sulhu. Malamanmu kuwa suna maganar rai ɗaya ne wanda yake iya hawa daga wani matsayi zuwa wani. Kamanni a lissafi bai sa su zama abu ɗaya ba.

Haka nan jerin buƙatun da Abraham Maslow ya kawo a 1943, daga abinci da tsaro har zuwa cikar buri. Kowane ɗalibi ya iya zana dalar nan, alhali Maslow da kansa bai zana dala ba, kuma ya faɗa cewa jerin ba ya tafiya a kan tsari ɗaya ga kowa. Ɗalibin ilimin da ya baro garinsu ya zo zauren malami a cikin birni yana kwana da yunwa saboda karatu, ko uwar da ke hana cikinta don 'ya'yanta, a wane hawa za a ajiye su?

Akwai kuma tambayar su wa aka gwada. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin, ya tarar kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. A 2015 wata tawagar masu bincike ta maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, kuma waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Tun a 1979 Farfesa Malik Badri, ɗan ƙasar Sudan, ya rubuta littafi yana gargaɗin Musulmi masana wannan fanni kan bin ra'ayoyin Yamma ido rufe, tare da kira da a riƙe abin da gwaji ya tabbatar. Wannan ita ce ƙwarewar da nake so matashi ya fita da ita: ya iya rarrabe abin da aka auna, da abin da aka zata, da abin da aka yi imani da shi. Gwaji yana iya gaya maka abin da mutane suke yi. Abin da ya kamata su yi kuwa, daga addini da tarbiyya yake zuwa.

Abin da jahilcin wannan ke jawo mana

Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC. Hani yana da amfaninsa, amma bai gaya wa yaro abin da ke faruwa a kansa ba. Masana sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka birki, ba ya gama nuna sai wajen tsakiyar shekaru ashirin, alhali sashen da ke neman daɗi ya riga ya farka tun farkon balaga. Laurence Steinberg da abokan aikinsa sun nuna cewa matasa sun fi yin ganganci a wasan tuƙin mota na kwamfuta idan abokansu suna kallo. Duk wanda ya ga yadda samari ke wasa da babur a wajen ɗaurin aure ya san haka. Matashin da ya fahimci wannan zai san raunin nasa yana da lokaci da wuri da abokan tafiya, kuma ana iya kauce musu. Wanda aka gaya wa hali zanen dutse kawai, me zai sa ya gwada?

Ta fuskar lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka yi wayo a tsakiyar shekarun 1990 za su tuna lokacin da 'yan mata da yawa a wasu makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna kururuwa, aka danganta abin da wata aljana da aka kira Sumbuka. An ga makamancin haka a wasu ƙasashe, kamar dariyar da ta ɓarke a makarantar 'yan mata ta Kashasha a Tanganyika a 1962, kuma likitoci suna bayyana irinsa da damuwar da ke yaɗuwa tsakanin mutanen da ke cikin matsi ɗaya. Ɗalibi ya cancanci ya ji bayanin malamai ya kuma ji na likitoci, ya san cewa addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Tun a ƙarni na 10 Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta, a tsakanin iyalansu, tare da masu maganin gargajiya. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin da yarinya ta yi wata uku ba ta barci, ana ce mata shagwaɓa ce. Ƙawarta ko yayarta ce ke shiga, kuma abin da suka sani shi zai yi aiki.

Ga kuma bulala. Ibnu Khaldun (1332 zuwa 1406) ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, tana koya musu kasala da ƙarya da yaudara, domin tsoro yakan sa su nuna abin da ba shi ne a ransu ba. Ɗan shekara 18 na yau shi ne malamin aji ɗaya na shekara uku masu zuwa, shi ne uban shekara goma masu zuwa. Ra'ayinsa game da ɗan Adam shi zai ɗaga hannunsa ko ya sauke shi.

Ga masu fargaba, da masu iko

Na san akwai iyayen da ke tsoron kada wannan karatu ya gurɓata aƙidar 'ya'yansu. Tsoron yana da tushe, amma ra'ayoyin da ake gudu sun riga sun shiga aljihun yaran ta waya, ba malami ba mai tacewa. Gara su ji su a gaban wanda ya san Gazali ya kuma san Freud. Birnin nan ba baƙo ba ne wajen haɗa karatu biyu: makarantar shari'a da aka buɗe a 1934 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta yaye alƙalai da malamai da suka riƙe Arewa. Akwai kuma haɗarin ɗan sani, yaro ya ji sunayen cututtuka ya koma gida yana liƙa wa kowa. Maganinsa ƙa'idoji ne da malami zai gindaya tun ranar farko: ba a kawo sirrin gida aji, ba a yi wa kowa laƙabi da ciwo, kuma malami ba likita ba ne, idan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya sanar da iyaye a nemi asibiti.

Ba sabon darasin jarrabawa nake nema ba, jadawalin ya riga ya cika. A watan Yunin 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma gyaran ilimi bai tsaya a kan rufin aji da kujeru ba. Ma'aikatar Ilimi da hukumar kula da manyan makarantun sakandare za su iya ware sa'a ɗaya a mako ga 'yan aji biyar da aji shida, a ƙarƙashin malaman ba da shawara, na tsawon zango biyu. Masana a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, tare da malaman zaure, su zauna su rubuta ɗan ƙaramin littafi da Hausa, kowane babi ya ɗauki tambaya ɗaya, ya kawo karin magana, da maganar malamai, da gwaji, sannan ya bar wa ɗalibi fili ya yi gardama. Makarantun Islamiyya na dare da ƙungiyoyin ci gaban unguwanni ba sai sun jira gwamnati ba. Watannin da ke tsakanin gama sakandare da samun gurbin karatu, waɗanda yara da yawa ke ɓacewa a cikinsu, sun isa a yi wannan karatu a kowane zaure da ke da tabarma da allo.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.